Me Ya Sa Mujallun Kamun Kifi da Shirye-shiryensa na Talabijin Suka Koma Talla?

Wani ɗan'uwa da aiki ya kai shi jihar Minesota ta Amurka, wanda ya koyi fatsa a can don debe kewa a ranakun hutu, ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi kwali guda na tsofaffin mujallun kamun kifi a wajen gwanjo, na shekarun 1970 da 1980, kuma da ya gwada su da waɗanda ake bugawa yanzu sai ya ga tsofaffin sun fi kauri, sun fi bayani, sun fi koyar da mutum yadda zai nemo kifi da kansa. Shirye-shiryen talabijin kuwa, in ji shi, daga farko har ƙarshe sunan kamfani ake ambata. Yana so ya sani ko da gaske abin ya lalace, ko kuwa yabon zamanin da ne kawai irin na dattawa.

Malam, abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma ruwa ba ya tsami banza. Akwai ɗan rabon da son tsohon zamani yake da shi a cikin wannan kuka, zan zo gare shi, amma asalin lamarin shi ne wanda yake biyan kuɗin aikin ya canza. A da mai karatu da mai kallo su ne abokan cinikin mujalla da tasha, mai sayar da kayan fatsa kuma baƙo ne da ake ba wuri a gefe. Sannu a hankali baƙon ya zama mai gida, har ta kai marubuci da mai gabatar da shiri shi suke duba kafin su buɗe baki. Ga mai karatu na gida da ya san kamun kifi a matsayin sana'ar Sarkawa da masu taru da mamari, yana da kyau a faɗa tun yanzu cewa a Amurka da Ingila miliyoyin mutane suna kamun kifi ne don nishaɗi, da sanda da zare da ƙugiya, suna kashe kuɗi masu yawa a kan jirage da injuna, kuma sau da yawa su mayar da kifin ruwa bayan sun kama shi. Mujallun da ake magana a kansu domin waɗannan mutane aka kafa su.

Kafin a ce wani abu ya lalace, ya kamata a san abin da yake cikinsa tun farko. Manyan mujallun Amurka uku na harkar daji da ruwa tsofaffi ne ƙwarai: Sports Afield ta fara a 1887, Field & Stream a 1895, Outdoor Life kuma a 1898. Amma zamanin da kwalinka ya fito shi ne zamanin da ilimin kamun kifi ya yi tsalle, domin a lokacin ne aka daina ɗaukar abin a matsayin sa'a. Wani mutumin Karolina ta Arewa mai suna Buck Perry ya shafe shekaru yana koyar da cewa gidan kifi shi ne ruwa mai zurfi, kuma idan zai fito neman abinci ba ya yawo barkatai, yana bin wasu alamu na ƙasan tafki ne, kamar tudu, da gangare, da tsohuwar hanyar kogi da ruwa ya binne. Mujallar Fishing Facts ta yaɗa wannan karatu a tsakiyar Amurka. Sannan a 1975 wasu 'yan'uwa biyu, Al Lindner da Ron Lindner, suka kafa In-Fisherman a garin Brainerd, a jihar nan da kake zaune, suka gina ta a kan ƙa'ida guda: ka san halin kifin, ka san inda yake a wannan lokaci, sannan ka san yadda za ka gabatar masa da ƙugiya. Ka lura da jerin, domin kayan aiki shi ne na ƙarshe.

Sun raba shekarar kifi zuwa lokuta goma, daga gabanin zuba ƙwai har zuwa lokacin da ƙanƙara ta rufe ruwa, suka kuma rarraba tafkuna gwargwadon tsufansu da yawan abincin da ke cikinsu. Idan ka buɗe ɗaya daga cikin mujallun kwalinka za ka iya tarar da shafi goma ko fiye a kan abu guda, misali juyawar ruwa a lokacin kaka. Za a bayyana maka cewa da bazara ruwan tafki mai zurfi yakan kasu hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, da wani siririn tsakani inda zafi yake faɗuwa farat ɗaya. Cewa a tafki mai yawan ciyawa iskar shaƙa takan ƙare a hawan ƙasa, saboda haka kifi ba ya sauka can. Cewa ruwa ya fi nauyi a zafin digiri 4 na ma'aunin Selshiyas, don haka idan sanyin kaka ya sanyaya na sama sai ya nutse, tafkin ya cakuɗe, ya yi duhu da ɗan wari na 'yan kwanaki, kifi ya warwatsu. Za a zana maka taswira da hannu, a nuna inda kifin yake kafin juyawar da inda zai koma bayanta. Wanda ya karanta wannan zai iya zuwa tafkin da bai taɓa gani ba ya yi lissafinsa da kansa. Ba a ce masa ya sayi komai ba, kuma wannan shi ne abin da kake jin babu shi a yau.

Yadda mujalla take rayuwa shi ne mabuɗin fahimtar sauran. Kuɗin da mai karatu yake biya na shekara da ƙyar yake ɗaukar nauyin takarda da bugu da aikawa ta gidan waya, ribar tana fitowa ne daga talla. A ɗakin edita kuma yawan shafukan talla shi ke yanke yawan shafukan rubutu, idan talla ta ragu mujallar gaba ɗaya ta rame. Muddin masu talla suna da yawa kuma iri-iri ne, wato kamfanonin motoci, da na taba da giya, da ɗaruruwan ƙananan masu gidajen sauka a bakin tafki da masu ƙera ƙugiya a bayan gida waɗanda suke cika shafukan baya da ƙananan sanarwa, edita yana da 'yancin ya ɓata wa ɗaya rai ba tare da ya rasa albashi ba. Intanet ta fara kwashe ƙananan sanarwar, sannan manyan kamfanonin da ba na kifi ba suka gano cewa Google da Facebook za su kai su ga mai saye da rahusa. Waɗanda suka rage su ne masu sayar da jirage da injuna da kayan fatsa, su ma kuma tattalin arzikin 2008 ya buge su, har kamfanin Genmar, mai jiragen Ranger, ya shiga kotun fatara a 2009.

A daidai wannan lokaci mujallun suna ta sauya hannu kamar akuyar kasuwa. Field & Stream da Outdoor Life sun koma hannun Time Inc. a 2000, aka sayar wa Bonnier a 2007, aka sake sayarwa a 2020. A 2020 ɗin Field & Stream ta daina fita a takarda, Outdoor Life ta bi sahu a 2021. 'Yan'uwan nan biyu sun sayar da In-Fisherman ga Primedia a 1998, daga nan ta wuce InterMedia, ta ƙare a hannun kamfanin Kroenke a 2014, wanda kuma shi ke da tashar Outdoor Channel. A Ingila, Angler's Mail da ta fara a 1964 ta rufe a Oktoban 2020. Kowane sabon mai saye yana zuwa ne da bashin da ya ci don sayen, kuma wurin da ya fi sauƙin tsukewa shi ne kuɗin tafiya da ladan marubuci. Labarin da a da ake tura mutum ya kwana bakwai a bakin ruwa kafin ya rubuta, sai ya zama ana haɗa shi ta wayar tarho da hotunan da kamfani ya aiko kyauta.

Su ma masu tallar sun haɗiye juna. Kamfanin Pure Fishing shi kaɗai yana riƙe da sunayen kayan fatsa irin su Berkley da Abu Garcia da Penn da Shakespeare. Bass Pro Shops, mai manyan shagunan kayan fatsa, ya sayi Ranger, ya kuma sayi babban abokin gasarsa Cabela's a 2017. Brunswick, mai injunan Mercury da jiragen Lund, ya sayi kamfanin da ke yin na'urorin gano kifi na Lowrance a 2021. Editan da yake da manyan masu talla biyar ko shida kacal ba ya bukatar a kira shi a waya a gargaɗe shi, shi da kansa ya san abin da ba zai buga ba. Shi ya sa za ka karanta gwajin sanduna goma ka tarar kowace tana da kyau a fanninta, babu wadda ta karye, babu wadda kuɗinta ya fi ƙarfin amfaninta. Marubucin da ladansa ya ragu kuma yakan cike giɓin da shiga jerin wakilan wani kamfani, a ba shi kaya kyauta ko ɗan alawus, idan baki ya ci kuwa dole ido ya ji kunya. Ba na cewa mutanen nan maƙaryata ne, da yawansu gwanaye ne na gaske, amma gwanin da ba zai iya cewa "wannan ba ya aiki" ba, rabin iliminsa ya tafi.

Lamarin talabijin ya fi wannan fitowa fili, domin a can tsarin da kansa na talla ne. A da akwai shirye-shiryen da tasha take biya a yi mata, irin The American Sportsman da ABC ta nuna daga 1965 zuwa 1986. Amma yawancin shirye-shiryen fatsa na tashoshin kebul ba haka suke ba: mai shirin ne yake sayen fili a wurin tashar, sannan ya fita ya nemi kamfanonin da za su ɗauki nauyinsa don ya mayar da kuɗinsa. Duk wanda ya saba da rediyoyinmu masu zaman kansu, inda mai maganin gargajiya ko ɗan siyasa yake sayen rabin sa'a ya faɗi abin da ya ga dama, ya riga ya san irin shirin da wannan tsari yake haifarwa. Tashar ba ta damu da ko ka koyi wani abu ba, tunda an riga an biya ta. Manyan tashoshin da suke da masu kallo da yawa kuma, waɗanda suke iya gindaya sharaɗin inganci, sun janye ɗaya bayan ɗaya. TNN, wadda ta kasance gidan shirye-shiryen kifi na ƙarshen mako, ta sauya suna da alƙibla a 2000, ta zama Spike a 2003. Outdoor Life Network ta koma Versus a 2006, ta karkata ga wasu wasanni. ESPN, da ta sayi ƙungiyar gasar kamun kifi ta B.A.S.S. a 2001, ta sayar da ita a 2010 ta kuma rufe filinta na harkokin daji da ruwa. Abin da ya rage shi ne ƙananan tashoshi inda mai kuɗin fili shi ne sarki.

Na taɓa raka wasu masu ɗaukar irin wannan shiri, ina cikin jirgi na biyu tare da mai kyamara. Kwana uku muka yi don a samu abin da zai cika minti ashirin da biyu. Ranar farko iska ta juya daga arewa, ruwa ya yi sanyi, ba a kama komai ba sai ƙanana biyu. Mai jagoran tafkin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya dubi ciyawar bakin ruwa ya ce kifin ya ja baya zuwa gangaren farko, ya sa aka matsa kamar taku hamsin, aka cire ɗan kifin roba mai walƙiya da kamfani ya aiko aka sa tana. A rana ta biyu da la'asar aka kama babba. Kafin a kunna kyamara sai mai gabatarwa ya zare ƙugiyar tanar, ya maƙala kifin robar nan a leɓen kifin, ya juya hularsa yadda sunan kamfani zai fito sosai, aka sake mayar da kifin ruwa aka jawo shi sau biyu don a samu fantsamar ruwa mai kyau. Da shirin ya fito babu iskar arewa, babu gangare, babu tana, dattijon ma bayansa kawai aka gani yana riƙe da injin. Duk darasin kwana ukun yana cikin abin da aka yanke.

Wannan ita ce asarar da ta fi damuna, fiye da yawan ambaton sunayen kamfanoni. Kamun kifi galibinsa jira ne da kuskure da sake lissafi, kuma mai koyo ya fi ƙaruwa da ganin abin da gwani yake yi a sa'ar da kifi ya ƙi ci. Shirin da yake nuna kamu bayan kamu yana sa sabon shiga ya ɗauka shi ne bai iya ba, ko kuma kayansa ne ba su kai ba, na biyun kuwa shi ne ainihin abin da mai talla yake so ya ji. An yi shirye-shiryen da suka bi wata hanya. A Passion for Angling, wanda BBC ta nuna a 1993, kashi shida ne kawai amma an kwashe kimanin shekara huɗu ana ɗaukarsa, kuma har yau masu fatsa a Ingila da shi suke auna sauran. Babu mai sayen fili da zai iya jiran shekara huɗu. Irin wannan gaggawar ce take sa duk lokacin da aka nuno bikin Argungu sai a tsaya ga giwan ruwan da ya fi nauyi a kan sikeli, ba a tambayi mai homa da gora yadda ya san ramin da kifin yake kwance ba.

Manyan tashoshi ba su bar kifi gaba ɗaya ba, sun dai mayar da shi wasan kwaikwayo. Shirye-shirye irin River Monsters, da aka yi daga 2009 zuwa 2017, da Wicked Tuna da ya fara a 2012, an yi su da kuɗi da gwaninta, amma domin mai kallon da ba ya fatsa aka yi su, wanda abin da yake nema shi ne tsoro, ko faɗan ma'aikatan jirgi, ko farashin kifi a bakin teku. Gasar kamun kifi kuwa ta shiga wata matsalar dabam tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018, na'urar da take nuna kifi yana iyo a gaban jirgi kai tsaye. Mai kallo sai ya wuni yana kallon ƙeyar mutum da ya sunkuya a kan allo a tsakiyar tafki, ba ya ganin bakin ruwa, ba ya jin dalilin zaɓen wuri. Koke ya yi yawa har B.A.S.S. ta taƙaita yawan na'urorin da ɗan gasa zai ɗora wa jirginsa daga 2025, wata ƙungiyar gasar kuma, NPFL, ta haramta na'urar ɗungurungum.

Yanzu ga rabon son tsohon zamani. Tsofaffin mujallun nan ba littattafai masu tsarki ba ne. Akwai ƙarin gishiri a cikinsu, akwai hotunan mutane riƙe da igiya cike da matattun kifaye waɗanda yau za a ga ɓarna ce, kuma talla tana ciki tun farko. Sannan ilimin fatsa yana da iyaka: kifi yana zuba ƙwai a lokaci guda kowace shekara, don haka dole labarin bazarar bana ya yi kama da na bara. Mutumin da ya shekara ashirin yana karatu zai ga maimaici ko da ingancin bai ragu ba, domin shi ne ya girma. Kai kuma da ka sayi kwali guda, ka tuna cewa abin da ya tsira shekara arba'in a ɗakin ajiyar wani shi ne wanda ya ga ya cancanci ajiyewa. Akwai ma abin da ya fi da kyau. Gasar da ake nunawa kai tsaye ba ta da wurin sauya ƙugiya a leɓen kifi, kuma tsarin ƙungiyar gasa ta Major League Fishing na auna kifi a cikin jirgi a sake shi nan take ya fi tausaya wa kifin a kan ɗaukarsa wuni guda zuwa dandalin awo. Amma duk wannan bai goge abin da ake iya ƙirgawa da hannu ba, wato shafukan da suka ragu, da bayanin da ya gajarce, da gwajin kaya da ba ya kushe komai.

Mutane da yawa suna cewa ilimin ya koma YouTube, kuma akwai gaskiya a ciki, domin za ka sami jagoran tafki da yake ɗora bidiyon sa'a guda ba yanka, har da lokutan da bai kama komai ba. Sai dai cutar ta bi shi can. Shafukan da suka gaji sunayen tsofaffin mujallu suna samun kuɗi ne idan ka danna ka sayi kaya ta hannunsu, shi ya sa suka cika da jerin "sanduna mafi kyau na bana". Mai bidiyo kuma da zarar ya yi suna sai kamfani ya ɗauke shi, ga shi babu edita a kansa da zai ce masa wannan magana ba ta tabbata ba. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka tana wajabta wa wanda aka biya ko aka ba kaya kyauta ya bayyana hakan, saboda haka ka riƙa duba ƙasan bidiyon kafin ka gaskata yabon.

Shawarata a aikace ita ce ka riƙe kwalin nan da kyau, domin halin kifi da juyawar ruwa ba su canza ba tun 1980, farashi da sunayen kaya ne kawai suka tsufa. Duk rubutu ko shirin da ka tarar, ka auna shi da tambaya biyu: ya gaya maka zurfin ruwa da zafinsa da dalilin zaɓen wurin, kuma ya nuna maka abin da aka gwada bai yi ba? Idan babu ko ɗaya, talla kake kallo. Field & Stream ta dawo takarda a 2024 a hannun sababbin masu ita, sau biyu a shekara, mai kauri da tsada, wato an koma neman kuɗin daga aljihun mai karatu, kuma ya dace ka duba fitowa ɗaya ka gwada ta da na kwalinka. Tunda kuma a Minesota kake, hukumar albarkatun ƙasa ta jihar tana da shafi mai suna LakeFinder inda take ajiye taswirar zurfin tafkuna da rahoton masu bincikenta, waɗanda suke kafa raga su ƙirga irin kifin da ke kowane tafki da girmansa. Ka buga na tafkin da ya fi kusa da kai, ka ajiye shi kusa da labarin juyawar ruwan nan, ka je da su biyun a watan Oktoba.